Jar Motar Raishatu da Kunnena na Hagu

Salamu alaikum, masu bin wannan labari. Wata ta rubuta a ƙasan kashin da ya wuce cewa namiji mai furfura ba shi da abin faɗa a shafin soyayya. Na gani, ƴar'uwa. Ki daure ki karanta wannan, in bai yi miki ba ki wuce abinki. Wanda kuma yau ya fara shigowa, sunana Attahir, shekarata arba'in da takwas, bakanike ne ni a Tanout. Garejina yana bakin kwaltar da ta taso daga Damagaram ta nufi Agadas. A garin nan ba a cewa Attahir a tsaya, sai an ƙara da Mai Kunne. Shekara ashirin mota na shigowa ina zaune kan benci in faɗa wa mai ita ciwonta kafin ya kashe inji.

Yau zan faɗi abin da na ɓoye muku tun kashin farko. Shekara uku da suka wuce tayar babbar mota ta fashe a gefen kaina ina durƙushe. Kunnen hagu ya mutu a ranar. Na dama ya rage, amma da wani kuka a cikinsa kamar na gyare, ba ya tsayawa. Murya mai kauri tana shiga in mutum yana gabana, siririn sauti kuwa ya daina. Na koyi kallon bakin mutane. Na koyi ɗora tafin hannu kan inji in ji rawarsa. Na koyi zama a ƙarshen benci ta yadda kowa zai faɗo ta damata. Ba wanda ya gane, ko kuma haka na ɗauka.

Matata Jummai ta yi shekara guda tana yi mini magana ina shiru, ta ɗauka wulaƙanci ne. Ranar da ta ɗaure kayanta ta tsaya a bakin ƙofa ta ce in da dalili in faɗa mata, ko mene ne. Dalilin yana bakina. Na ce ta gai da mutanen garinsu Gangara. Tun daga nan gidana ɗaki biyu ne, ɗaya a rufe. Katifa, buta, kaskon shayi, da rediyon da ban ƙara kunnawa ba. Yayata Tabawa ce ke kawo mini tuwo da la'asar, kuma kowane kwano da sunan wata bazawara a kansa. In ce mata na ji, ta ce ban ji ba. Ba ta san iyakar gaskiyar da ta faɗa ba.

Raishatu ta zo mini a watan Fabrairu, ba a cikin mota ba, a bayan mota. Babbar mota ce ta sauke wata jar mota mai ƙofa biyu da kujera biyu, ƙasa-ƙasa, kaza ma sai ta sunkuya kafin ta wuce ƙarƙashinta. Na san motar tun ba a kwance igiya ba. Ta Abdulgani ce, wani mutumin Damagaram cikin masu motocin gudu. Duk bazara suna yin jerin gwano su zo Tanout, su ci nama, su kwana, washegari su koma. Shi ya ƙirƙiro tafiyar, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa injinsa sai ni. Ciwo ya ɗauke shi a daminar bara.

Raishatu ƙanwarsa ce, malamar asibiti a nan garin, shekara talatin da bakwai, aurenta ya mutu tun da daɗewa. Ta ajiye mini wani kwali a ƙasa. A ciki akwai kwamfiresa sabuwa fil, wadda yayanta ya saya bai kai ga ɗaurawa ba. Ga wanda bai sani ba, kwamfiresa na'ura ce da ake ɗaura wa inji, bel yana juya ta, tana ɗura wa injin iska da ƙarfi, sai mota ta ƙara gudu kamar an canja ta. Raishatu ta ce so take in ɗaura, don ita za ta tuƙa motar cikin jerin bana, daga Tanout har ƙofar gidan mahaifiyarsu a Damagaram. Ta ce yayanta ya sha faɗa mata cewa in ba kunnen Attahir ba, kada a bar kowa. Na ce to. Me zan ce?

Wata biyu tana zuwa kullum in ta tashi aiki. Lafaya ruwan toka a kan farar rigar asibiti, takalmin roba, ƙamshin turaren wuta haɗe da na maganin wanke hannu. Ta zauna kan tsohuwar kujerar motar da nake ajiye wa baƙi, ta miƙo mini sifana in na nema, har ta fara sanin lamba goma da sha biyu ba tare da ta duba ba. Ba ta da surutu. Ni ma haka. Amma garejin da na saba jinsa kamar rijiya sai ya zama wuri. In ta tafi sai ta turo saƙon murya, wai ta manta ba ta tambaya ba ko na ci abinci. Sai in shiga ɗakin ajiyar kaya in ja ƙofa, in ƙure ƙarar waya, in manna ta a kunnen dama, in saurara sau uku kafin in haɗa maganar. Amsata ba ta wuce "Na ci, Madam." Ku yi dariya in kuna so. Ni kaina na san ba amsa ba ce.

Yaya Tabawa ta tarar da ita sau biyu. A na uku ta dire kwano ta ce mini mace ba ta zaman wata biyu cikin baƙin mai saboda ƙarfe, in kuma ban gane ba to ni ne ƙarfen. Na ce ta bar maganar, wannan malamar asibiti ce, ƴar birni, kuma da mai nemanta.

Da shi kuwa. Sunansa Falalu, shi ne shugaban masu motocin tun bayan Abdulgani. Yana da shago a Damagaram inda yake jona kwamfuta a jikin mota ya daidaita inji. Mahaifiyar Raishatu, Hajiya Kadi, tana sonsa. Ba ta tilasta mata ba, amma Raishatu ta ce duk wayar da suka yi, ko a kan farashin tattasai aka fara, a kan Falalu ake ƙarewa. Saura mako uku tafiya ya zo cikin farar motarsa, shadda mai ruwan madara, agogo kamar murfin gwangwani. Ya leƙa kwalin ya ga fuli biyu, wato ƴan ƙafafun da bel ke hawa ya juya kwamfiresa. Babban yana ɗura iska a hankali. Ƙaramin yana juyawa da sauri, ƙarfi ya ninka, amma inji yana shan wuya.

Ya ɗaga babban ya ce, "Dattijo, wannan za ka sa mata ko? Ya dace. Sai mu bar mutum ɗaya a baya ya riƙa rako ta."

Raishatu tana zaune tana jinsa. Da ya tafi na ɗauki ƙaramin na ɗaura. Ba don Abdulgani ba, ba don motar ba. So nake in ga jar motar ta wuce farar a gaban kowa, a ce aikin Attahir ne.

Ga inda matsalar take. In iska ta yi wa inji yawa, ga zafin Afrilu na ƙasarmu ta Damargu, ga man ruwa-ruwa na kwalba, wanda shi ake samu a hanya, to wuta tana tashi a cikin inji kafin lokacinta. Tana yin wata siririyar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. In aka ci gaba da taka totur a haka, fistan ya huje, inji ya kama, wani lokaci a tsakiyar gudu. Ni yadda nake gano ta tun da can, bututun jan ƙarfe nake daddaƙe bakinsa in ɗaure a jikin inji, in zura masa tiyo, in biyo da tiyon ta ƙarƙashin murfin inji ta taga har kunnena, in hau kwalta in taka. Duk numfashin injin yana zuwa ta nan. Da wannan tiyon na yi suna.

Sau biyu na fita gwaji ni kaɗai, tiyo a kunnen dama. Motar tana tashi kamar an harba ta. Ban ji tsakuwa ba. Amma shekara uku ke nan ban ji tsakuwa a kowace mota ba. Ranar Alhamis, saura kwana uku tafiya, Raishatu ta tambaye ni yaya, na dubi idonta na ce lafiya lau. Ta yi murmushi ta shafa ƙofar motar, ta ce da Yaya Abdulgani zai gani.

Juma'a da safe na kwance buji, wato fulogi, don in duba. Uku fes. Na huɗun, a jikin farin nan nasa, akwai wasu ɗige-ɗige ƙanana kamar an barbaɗa barkono. Yana iya zama dattin mai. Yana iya zama fistan ne ya fara zubar da jikinsa. Ido ba ya raba su, kunne ke rabawa. Na zauna kan benci da bujin a hannu har aka yi kiran sallah. A masallaci liman yana huɗuba ina kallon bakinsa, amma Jummai nake gani a bakin ƙofa da ƙullin kaya. Waccan ta tafi da ranta, na ce a raina. Wannan kilomita ɗari da hamsin za ta yi a kan injin da ban san cikinsa ba, tana bin motar Falalu, ƙafarta a kan totur.

Ina iya canja fulin a ɓoye in yi shiru. Na yi wannan tunanin, kada ku ɗauka ni waliyyi ne. Amma ko da babban fuli sai an saurara an tabbatar, kuma ba ni da abin saurare.

Na ɗauki waya na tura mata saƙon da ya fi duk waɗanda na taɓa turawa tsawo. Na ce ta zo ƙarfe uku, lokacin da rana ta fi zafi, ta taho da abin nan da suke sauraron ƙirjin marasa lafiya. Ta zo ba ta tambayi dalili ba. Na cika tanki da man kwalba da gangan. Na nuna mata bakin tiyon da ya shigo ta taga, ta cire kan abin sauraron nata ta zura robar a ciki, ta naɗe da filasta kamar tana ɗaure ciwo. Na ce ta sa a kunne. Na shiga mazaunin direba, ta zauna a damata. Masu shayi na tsallaken titi duk suka juyo. Na san kafin magariba labari ya kai wa Yaya Tabawa cewa an ga Attahir da malamar asibiti a mota mai kujera biyu.

Muka yi kudu, hanyar Sabon Kafi. Ba kowa a kwalta sai raƙuma biyu da zafi yana rawa a gaba. Na faɗa mata abin da za ta nema: gurnanin inji ba komai ba ne, kukan kwamfiresa ba komai ba ne, amma in ta ji tsakuwa cikin gwangwani ta ɗaga hannu. Da muka iso wani ɗan hawa na sa babbar giya na taka totur har ƙasa. Motar ta ɗauka. Ban kai ƙirga biyar ba hannunta ya tashi. Na saki, ta sauke. Na sake takawa, ya sake tashi, wannan karon har da runtse ido.

Na gangara gefen hanya ƙarƙashin wata aduwa na kashe inji. Ta cire abin daga kunnenta ta ce ƙarar a fili take, ko yaro zai ji. Na riƙe sitiyari da hannu biyu ina kallon gaba, don na san in na dube ta ba zan faɗa ba.

Na ce, "Ni ban ji ba, Raishatu. Shekara uku ba na ji. Na hagu ya mutu, na dama saura kaɗan. Jiya da na ce miki lafiya lau, ban sani ba na faɗa."

Wannan ne karon farko da na kira sunanta. In ma ta ce wani abu ban ji ba, shi ya sa dole na juyo. Tana naɗe robar a yatsanta. Ta ce tun makon farko ta gane. Ta ga yadda nake karkata kai, da yadda nake bin bakinta da ido, da ranar da sifana ta faɗi a bayana ban waiga ba. Aikinta ke nan, tana ganin irina kowane mako. Shi ya sa kullum take jan kujerar nan zuwa damata. Na tambaye ta me ya hana ta magana.

Ta ce, "Kunnenka ne, ba nawa ba. Jira nake in ga ko za ka bar ni in hau hanya a kan ƙarya."

Na ce saura kaɗan in bar ta. Ta ce ta sani, jiya ba ta ji daɗina ba ko kaɗan, kuma da Lahadi ta yi ban yi magana ba, da ta ɗora motar a bayan babbar mota kamar yadda ta zo, kuma da ban ƙara ganinta a garejin ba. Ba ta yi murmushi ba da ta faɗa. Sannan ta ce in tada mota, tana da marasa lafiya ƙarfe biyar.

Asabar da safe na cire ƙaramin fuli na sa babban, na ja wutar injin baya kaɗan, na canja buji. Muka sake fita sau uku, ni a totur, ita a tiyo. A na ukun hannunta bai tashi ba har muka gama hawan. Ta ce in bar bututun da tiyon a jiki, da su za ta tafi, in ta ji wani abu a hanya ta san ta sassauta.

Da la'asar masu motocin suka iso, guda tara, garin ya cika da kallo. Falalu ya zo kai tsaye ya ɗaga murfin injin jar motar, ya ga babban fuli, ya ga tiyo ya bi ta taga. Ya kira abokansa su zo su ga yadda ake yi wa mota ƙarin ruwa a Tanout. Ya ce ashe Mai Kunne tsoro ya ji. Suka yi dariya, wannan kam na ji ta sarai, dariya tana da kauri. Na ce masa motar za ta kai Damagaram. Ya ce ai jaki ma yana kaiwa. Raishatu tana tsaye a gefe da lafaya shuɗiya, ba ta dube ni ba.

Lahadi bayan hantsi suka tashi. Farar motar a gaba, jar a ƙarshe. Na tsaya a bakin kwalta har ta zama ɗigo. Na dawo gareji, ga wurin da ta yi wata biyu a tsaye, tabon mai da sawun taya huɗu, ga kujerar baƙi a inda aka saba jan ta, dama da bencina. Ban mayar da ita wurinta ba. Na share ƙasa duk da ba ta da datti. Na jera sifanu, na warware, na sake jerawa. Yaya Tabawa ta kawo tuwo, ta dube ni, ta dubi kujerar, karon farko cikin shekara biyu ta ajiye kwano ba ta ambaci sunan kowa ba. Tafiyar awa biyu ce. Awa uku ta wuce, huɗu ta wuce. Wayar tana kan cinyata da hannuna a kai, don ƙararta ba ta isa gare ni, sai rawarta.

Bayan la'asar ta motsa. Na miƙe zan shiga ɗakin kaya kamar kullum, sai na ga ba saƙon murya ba ne. Rubutu ne, da Hausa, na farko da ta taɓa yi mini. Ga shi yadda yake:

"Mun iso. Ni ce ta ƙarshe, sun jira ni a Bakin Birji. Ba tsakuwa ko sau ɗaya. Inna ta fito ta ga motar Yaya a ƙofar gida, ta yi kuka, sannan ta ga tiyo ta tambaya na wane ne. Na ce mai shi zai zo ranar Juma'a ya kwance abinsa. Falalu yana wurin, ya ji."

Ina cikin karanta shi karo na biyu wani ya shigo.

"Inna a hankali take magana, kuma ba ta son a ce mata ta maimaita. Ko ka san yadda za ka zauna, ko ka faɗa mata da bakinka. Ni ba zan faɗa maka wanda za ka zaɓa ba."

Na rufe gareji tun rana ba ta faɗi ba, abin da ban taɓa yi ba. Na je gida na buɗe ɗakin nan da ke rufe, na jawo akwati, na fito da babbar rigata da rabona da ita tun sallar ƙarshe da Jummai take nan. Ta yi ƙamshin ajiya, asu ya ɗan taɓa hannun hagu. Na ɗauke ta a kafaɗa na nufi gidan Yaya Tabawa don ta dubo mini mai ɗinki da mai guga. Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe. Ta ga rigar, ta ajiye rariya, ta buɗe baki za ta fara.

Na ce, "Yaya, tsaya. Dawo ta wannan gefen ki zauna. Akwai maganar da zan kai Damagaram ranar Juma'a, so nake in fara gwada ta a kanki."